Ƙafar Gwaggo Tsahara

Motar aka fara kaiwa wajen gyara. Wannan ne abin da har yau in na tuna sai raina ya tafasa. Kafin rana ta take, farar Fijon Alhaji Nomau ta haye gada, tana unguwar Adjamé wajen masu buga ƙarfe, ana miƙe mata gefe ana fesa mata fenti. Ita kuwa Tsahara, yayar Alhajin uwa ɗaya uba ɗaya, tana kwance a ɗakin ajiya da ƙashin ƙaurinta a waje.

Sunana Sa'a. Teburina na jikin na Tsahara a kasuwar Treichville, ni busasshen kifi, ita daddawa da kuka da yaji. Abin da ban gani da idona ba ita ta faɗa mini da bakinta daga baya, kuma Tsahara ba ta ƙari a magana.

A Belleville, unguwar su Alhaji, ranar da za a ɗauki amarya, samari na da wani wasan banza da suke yi a mararrabar ƙofar gida. A taho da mota a guje, a fizgi birkin hannu, gindin motar ya zagaya, taya na kuka tana hayaƙi, mata na guɗa kamar an yi abin kirki. An sa ranar Saudatu, 'yar Alhaji, sai wanta Abdurrashid ya ci alwashin ba wanda zai fi shi a bikin ƙanwarsa. Ko permi, lasin tuƙi, ba shi da shi. Wata Lahadi da sassafe, an yi ruwa kwalta ta jiƙe, ya zare makulli daga aljihun rigar ubansa ya fita gwaji, wai mota ta fi zamewa a jiƙaƙƙen titi.

Daidai lokacin Tsahara ta fito da kwandonta a ka. Gindin motar ya zagayo ya haɗa ƙafarta ta hagu da bakin kwalbati.

Kun san abin da ta fara faɗa tana kwance cikin daddawarta? Yaron ya fito daga motar, ta ɗago kai ta ce, “Rashidu, ba ka ji ciwo ba?” Ita ta goye shi. Mijinta ya rasu, nata 'ya'yan ba su tsaya ba, sai ta zuba duk son da take da shi a kan ɗan ƙanenta.

Alhaji ya fito da carbi a hannu. Bai fara duban ƙafar ba, titi ya duba, dama da hagu. Ba kowa.

“Ku shigar da ita ciki, maza!”

Matarsa Hajiya Balaraba ta sa aka tsince daddawar, aka kwara ruwa a kan jinin. Ɗakin Tsahara yana kusa da ƙofa, inda 'yan haya ke wucewa, don haka aka zarce da ita can ƙurya, ɗakin da aka jibge kayan amarya. Aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin akwatuna da kwanukan jere.

“Nomau, kai ni asibiti,” in ji ta.

Ya tsuguna ya rage murya. “Yaya, ki tsaya ki ji. Asibiti in sun ga aikin mota ne sai sun kira polis. Yaron nan ba shi da permi. Takardunsa na karatu a Faransa suna hanya. Da zarar sunansa ya shiga komisariya, wajen 'yan sanda, shi ke nan an kashe masa rayuwa. Mu baƙi ne a ƙasar nan, wa zai tsaya mana? Ki rufa mana asiri. Ɗanki ne.”

Ta cije leɓe don zafi. Sannan ta ce, “To ka karɓe makullin. Ka rantse mini ba zai sake wannan wasa ba. Yara na wasa a bakin kwalbatin nan.”

“Wallahi tallahi, Yaya, ya yi na ƙarshe.”

A kan wannan rantsuwa ta yarda ta yi shiru.

Da la'asar aka ɗauko Kalla mai ɗori daga Adjamé. Dattijon ya buɗe zanen ya girgiza kai.

“Alhaji, ni ɗori nake yi, ba ɗinki ba. Nan akwai rauni a buɗe.”

“Yi abin da ka iya, Allah ne mai warkarwa.”

Aka danne ta, ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Ta cusa bakin zane a baki don kada 'yan haya su ji ihunta.

Da na ga teburinta a rufe har kasuwa ta tashi, washegari ma haka, sai na sayi acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi na nufi Belleville. Hajiya ta tare ni a zaure da fara'arta.

“A'a, Sa'a ce? Sannu da zuwa. Ai santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo, 'yar targaɗe ce. Yanzu barci ya ɗauke ta. Kawo, zan ba ta.”

Na koma, aka ce ana mata wanka. Na sake komawa da matan layinmu, aka ce mai magani ya hana kowa ganinta saboda baki, kar ɗorin ya ƙi kamawa. Na ce, “Hajiya, ni ce mai bakin?” Ta yi dariya ta ce, “Haba Sa'a, ke ma dai.” Ta karɓi kwanon ta rufe ƙofa.

Ko loma ɗaya ba ta kai wa Tsahara ba, ko gaisuwar ba a isar ba. Daga baya Tsahara ta ce mini abin da ya fi ƙafar yi mata zafi shi ne ta ɗauka duk kasuwar nan, duk shekarun nan, ba wanda ya tambaye ta. Ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon bangon maƙwabta. Daga nan take jin duniya na tafiyarta, rediyon 'yan haya, kukan jirgin ruwa daga tasha, mai tallan burodi, kiran salla. Da safe takan lissafa a ranta cewa yanzu Sa'a ta baje kifi, yanzu masu sayen daddawa sun zo sun ga wayam sun wuce teburin gaba. Sai ta juya fuska wajen akwatunan amarya ta yi kukanta.

Saudatu ce ke kawo abinci. Da farko takan zauna su ɗan taɓa hira. Da ƙafar ta fara kumbura tana ruwa, sai ta koma ajiye kwanon a bakin ƙofa ta tura shi da ƙafa. Tsahara na jan gindi ta ɗauko.

Wanda take jira dai bai zo ba. Ta san takun Abdurrashid, ta san irin fiton da yake yi in zai shiga wanka. Kullum in ta ji shi a tsakar gida sai ta gyara ɗankwali ta ja zane ta rufe ƙafar, don kada ya gani hankalinsa ya tashi. Sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, da hankici a hanci.

“Ça va aller, Gwaggo,” ya ce da Faransanci, wai zai wuce, yana kallon akwati.

“Shigo mana, ɗana. Zauna nan.”

“Abokaina na jira.”

Ta ce da ya zauna ko na ɗan lokacin shan ruwa ne, da ta yafe komai a ranar.

Yatsun suka fara sauya launi. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana kaɗa ta har haƙoranta na haɗuwa. Da Kalla ya dawo kwance ɗori, ya leƙa, ya mayar da zanen, ya miƙe tsaye.

“Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wannan ya wuce ni. Ku kai baiwar Allah nan asibiti yau ɗin nan.”

Alhaji ya raka shi har waje yana ce masa ya kama bakinsa. Kalla bai sake tako gidan ba. A madadinsa aka samo wani mai yawo da jakar allurai, ya tsira mata ya tafi.

“Nomau, ƙafar nan mutuwa take,” ta ce wa ƙanenta.

“Yaya, ki ƙara haƙuri kaɗan. An ce takardar yaron ta kusa fitowa. Tana fitowa, da kaina zan kai ki.”

Ta roƙi Hajiya. Hajiya ta ce, “Yaya, ai ƙaddara ce. Da rabon ki ji ciwon nan ko a kan gado kike sai kin ji. Kuma ke ma da kin ɗan duba hanya kafin ki fito.”

Ku ji fa! Da ta duba hanya. A ƙofar gidansu, a gefen titi, da kwando a ka.

Ban so in faɗi abin da ya fitar da ita daga ɗakin nan, amma dole in faɗa. Ba kukanta ba ne, ba zazzaɓin ba ne. Wata rana Hajiya ta shigo ɗaukar atamfofin amarya za ta kai wa tela. Ta buɗe akwati, ta kai turmi ɗaya hanci, ta yamutsa fuska. Tsahara na ji Hajiya ta fita tana cewa, “Alhaji, kayan yarinyar nan sun fara ɗaukar wari. In aka kai su gidan miji haka, da wane ido za mu kalli mutane?”

A ranar aka kira taksi. Fijon na tsaye a ƙofar gida tana ƙyalli, amma ba a saka ta ciki ba, kar ta ɓata kujera. A hanya Alhaji ya yi ta nanata mata, “Santsi ne, Yaya. A bakin famfo. Kar ki manta.”

Likita ya buɗe ƙafar ya yi ta faɗa da Faransanci, Alhaji na sunkuyar da kai. Wata ma'aikaciya ta matso kusa da kunnen Tsahara ta tambaye ta da Julanci, yaren kasuwa, “Mama, faɗa mini gaskiya, me ya buge ki?”

Tsahara ta dubi ƙanenta. Ta tuna yaron da ta goya.

“Santsi ne,” in ji ta.

Matar ta ce da an kawo ta tun ranar farko, da ta koma gida da ƙafarta. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

A can na same ta, don wata mai sayen kifina da ke shara a asibitin ce ta tsegunta mini. Na shiga ban gane ta ba. Tsahara da ke ɗaukar buhu ita kaɗai ta koma kamar tsinke. Ta gan ni ta fashe da kuka.

“Sa'a, ashe kina tuna ni?”

“Ke, wace irin magana ce wannan? Ƙafata ta kusa ƙarewa a ƙofar gidanku!”

Na faɗa kafin in lura. Ta ɗaga bargo ta nuna mini. Na dafe kai na yi salati.

“Tsahara, wane irin santsi ne wannan? Ni ma na faɗi a bakin famfo, ba sau ɗaya ba.”

Ta juya fuska bango. Ban matsa mata ba.

Da aka sallame ta da sanduna biyu, labarin gida ya sauya. Yanzu ciwon suga ne ya ci ƙafar. Hajiya na faɗa wa masu zuwa dubiya tana share ido da gefen mayafi, ana ce mata sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Takardar Abdurrashid ta fito, permi ma ya samu. Aka ce zai tashi bayan biki.

Ranar ɗaukar amarya gidan ya cika maƙil. An kafa rumfa a ƙofa, an jera kujeru, dangin ango sun zo daga Adjamé da motoci suna ta oda. Aka ce Tsahara ta zauna a ɗakin ƙurya don kar a ture ta cikin cunkoso. An kwashe akwatunan, ɗakin ya zama fayau, sai ita da tabarmarta. Na bar shinkafarsu na shiga na zauna da ita. Ta sa sabon zanen anko da suka ba ta, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna tana sauraren bikin yarinyar da ita ma ta yi wa wankan jarirai.

Bayan la'asar muka ji an tayar da mota ana ba ta wuta. Tsahara ta kasa kunne.

“Wannan motar Nomau ce,” ta ce.

“Motoci sun yi yawa a waje, ina kika sani?”

“Na san kukanta.”

Sai ƙarar taya, doguwa, irin mai shiga haƙori. Guɗa ta tashi. Samari suka ɗauka, “Rashidu! Rashidu! Encore! Sake!”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Miƙo mini sandunana.”

“Ina za ki?”

“Sa'a, miƙo mini.”

Na miƙa mata, na bi bayanta. Ta ratsa tsakar gida tana dogarawa, mata na matsawa. Hajiya ta hango ta daga wajen tukwane ta ce, “Yaya, me kike so a kawo miki? Koma ki zauna mana!” Ko waiwaye ba ta yi ba.

A ƙarƙashin rumfa Alhaji na zaune cikin manyan baƙi, yana dariya yana nuna titi da carbinsa. Ta tsaya a gabansa.

“Nomau, ina rantsuwar?”

Dariyar ta maƙale. Ya miƙe ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. “Yaya, yau ɗaya ce, bikin ƙanwarsa ne. Kuma yanzu ai yana da permi. Don Allah koma ciki, ga mutane.”

Ta dubi titi. Yara sun yi layi a bakin kwalbatin, daidai inda ta faɗi, suna tsalle suna tafi. Fijon ta kai ƙarshen layi ta juyo, tana shirin sake tahowa.

Kafin in kama ta, ta sauka kan kwalta. Ta dogara har tsakiyar mararraba, kan baƙin zanen da tayoyi suka bari, ta watsar da sandunan ta zauna daɓas.

Motar ta riga ta taso. Na ji mata na ihu, na ji kaina ina kiran sunan Allah. Birki ya yi ƙara, motar ta zame ta karkace, ta tsaya. Da Tsahara ta miƙa hannu da ta taɓa fitilarta.

Makaɗa suka tsaya. Wurin ya yi tsit, sai warin taya.

Tsahara ta kama bakin sabon zanenta ta yaye shi har gwiwa. Dungulmin ya fito fili, da tabon ɗinkinsa. Ta miƙe ƙafar dama a gaban tayar.

“Zo ka ƙarasa, Rashidu,” ta ce. “Ga ɗayar.”

Sannan ta ɗaga murya, irin muryar da take kiran masu ciniki da ita. “Jama'a, ba santsi ba ne. Ba suga ba ne. Motar nan ce, a wurin nan, yaron nan ne a ciki. Na yi shiru aka ɓoye ni har ƙafata ta ruɓe, don an rantse mini ba zai sake ba. Ku kwashe 'ya'yanku daga bakin kwalbatin nan!”

Wata mata ta ruga ta fizge ɗanta. Wasu suka bi.

Ina kallon Abdurrashid ta gilashi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ita ma Tsahara shi take kallo. Na rantse da Allah, a wannan lokacin ma da ya buɗe ƙofa ya zo ya durƙusa ya ce “Gwaggo, yafe mini,” da ta rungume shi. Bai fito ba.

Muryar da ta fara tashi ta Hajiya ce. “Ku rufe mata ƙafar mana, ga surukai na kallo!”

Alhaji kuma ya juya wajen baƙinsa yana murza hannu. “Ku yi haƙuri, tun da aka yi mata aikin nan kanta ya ɗan taɓu.”

Ni na tsince sandunan. Ni da wani dattijo cikin dangin ango muka ɗaga ta. Motoci sun fi a ƙirga a ƙofar gidan, amma sai da na taka har babban titi na tsayar da taksi. Ta ce ba za ta sake kwana a gidan ba, na ce dama ban yi niyyar barin ta ba. Muna hawa gada muka ji kiɗa ya ci gaba a bayanmu. Amarya dai an kai ta.

Yanzu Tsahara na ɗakina a Adjamé. Ba ta iya hawa bas zuwa Treichville, teburinta wata ta gaje shi. Tana ƙulla daddawa a ƙofar gida, maƙwabta na saye. Mutanenmu sun rabu biyu a kanta, kuma masu cewa ta tona asirin gidansu a gaban surukai sun fi yawa. Ban ji wanda ya ce Alhaji ya tona nata ba. Har yanzu shi ake ba sahun gaba a ɗaurin aure, har yanzu samari na juya motoci a mararraba ana musu guɗa.

Abdurrashid ya tashi bai zo sallama ba. Ranar da labari ya iso mana, tana cikin ƙulla daddawa, ta tsaya da hannunta a cikin kwano.

“An ce can akwai sanyi,” ta ce. “Ko sun saya masa rigar kirki?”

Na tashi na shiga ɗaki don kar in faɗi abin da ke bakina.

Fijon na nan. Takan wuce ta gabanmu in Alhaji zai je shagon goronsa, ba ta tsayawa. Na taɓa tsayawa kusa da ita a bakin kasuwa na duba gefen nan da kyau, na shafa da hannuna. Mai gyaran ya iya aikinsa, ko ƙwarzane babu.